Kyanwa a Tsakiyar Sabon Bargo

Idella ta tura yankan kifin gwangwani cikin aljihun rigar sanyin ƙanwarta, ta mayar da rigar kan ƙusa, ta goge yatsunta a gefen siket kamar ba ita ba.

Shekara uku ke nan da ƙanwar tata, Opal, ta zo gonar da akwati ɗaya, wai za ta yi mako biyu bayan rasuwar mijinta. Mako biyun har yau bai ƙare ba. Ɗakin da ta sauka kuwa shi ne ɗakin ɗinkin Idella, mai babbar taga da ke kallon gabas. Tun daga lokacin, duk hunturu a falo ake kafa katakon ɗinkin bargo, sai mutum ya yi rarrafe ta ƙarƙashinsa kafin ya kai murhu. Idella tana ƙaunar ƙanwarta, Allah ya sani, amma ɗakinta take so kafin ƙanƙara ta narke.

Yau aka ɗaure zaren ƙarshe na bargon bana, wanda aka harhaɗa da ƙyallayen tsofaffin riguna. A wannan kwari na Kentucky, a Amurka, in an gama bargo, mata huɗu marasa aure kan kama kusurwoyinsa, a sa kyanwa a tsakiya, a girgiza. Wadda kyanwar ta yi tsalle ta wajenta, ita ce amaryar shekara. 'Yan mata duk sun gudu birni, sai zawarawa suka gaji aikin. Opal ba ta wasa da irin wannan, ko wake ba ta shukawa sai ta duba wata. Ga kuma Delbert mai kiwon tumaki a tsallaken rafi, tun kaka yake kawo mata zuma, ya zauna yana kallon takalminsa. Ɗan turi kawai ya rage.

Maƙwabta biyu, Wanda da Nola, suka shigo suna kakkaɓe ƙanƙara. Idella ta bar wutar murhu ta mutu da gangan, dole Opal ta ɗauko rigar sanyinta.

"Wai mene ne ke ƙarni haka?" in ji Wanda.

"Hancinki ne ya tsufa. Kama kusurwa," in ji Idella.

Aka ɗauko Gwamna, muzurun gidan, ƙato kamar buhun gari. Yana jin laushin sabon bargo ya miƙe ƙafa ya rufe ido. Suka girgiza, ko gezau. Suka ƙara, Nola ta ce, "Wayyo bayana! Wannan ai ba kyanwa ba ne, ɗan maraƙi ne."

Idella ta fara fidda rai, sai hancin Gwamna ya motsa. Ya yunƙura ya faɗa jikin Opal, ya cusa kai cikin aljihunta.

"Ke ce! Har cikin aljihu!" Idella ta yi guɗa, daɗi kamar ya kashe ta.

Opal ta zauna a kujera, hawaye na zuba. "Yaya, tun Kirsimeti Delbert ya tambaye ni. Na ce masa ba zan iya barin ki ke kaɗai ba."

"Bar ni, ƙanwata! Kada ki ji komai, bar ni!"

"Haba Yaya, ni ce zan yi miki haka? Shi ya sa ya ce zai bar wa ɗansa gidan, ya dawo nan. Alama kawai nake jira, ga ta kuwa. Ɗakin zai ishe mu."

Opal ta share hawaye, ta ci gaba.

"Kuma kin san bazara ta kusa, tumaki za su fara haihuwa. 'Ya'yan da uwa ta ƙi shayarwa, kusa da wuta yake kwana da su. Sai dai mu kai katakon nan rumbu."

Wanda da Nola suka rufu a kan Opal da barka. Idella ta tsaya riƙe da kusurwar bargo, tana kallon ruwan da ya fara ɗiga daga ƙanƙarar bakin rufi. Can ta ninke bargon a hankali, ta matsa kusa da Wanda, ta rage murya.

"Yayan nan naki mai gida ɗaki biyar, har yanzu shi kaɗai yake zaune, ba mata?"