Tsohon Fim na Baba Kar-ka-motsa

Baba Kar-ka-motsa a bakinsa ya samo sunansa. Shekara da shekaru yana leƙa idon kyamara yana ce wa mutane kada su motsa, har jikokinsa ma da sunan suke kiransa. Da waya ta shiga hannun kowa sai masu zuwa ɗaukar hoto suka ɗauke ƙafa, aka bar shi shi kaɗai yana bin umarnin kansa, daga safe har yamma yana zaune a shago bai motsa ba.

Shagon ɗaki ne guda a gaban gidan surukinsa, mijin autarsa. A ciki akwai kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da furannin roba da suka koma ruwan toka, da labule mai zanen teku da jirgin sama yana shawagi a kai. Baba yana son ɗakin nan kamar ransa. A nan yake da ƙofarsa da makullinsa. A cikin gida kuwa shi ne wanda ake ce wa ya ɗan ɗaga ƙafa za a yi shara.

Surukin ana ce masa Injiniya, saboda ya taɓa gyara wata fanka ta ɗan juya kafin ta kama da wuta.

"Baba, ba raini ba ne," in ji shi wata safiya, yana auna bango da taƙinsa. "Ɗakin nan zaman banza yake yi. Zan jera soket a nan, a riƙa cajin waya. Kai kuma ka huta."

"A ina zan huta?"

"Ga tsakar gida nan, iska ko ta ina. Ka fara tattara tarkacenka kafin ƙarshen wata."

Garin tattarawar ne Baba ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci, jikin bangon da rana take gasawa kullum. Fim ne na kyamarar nan mai tofo hoto nan take. Wa'adin da aka buga a jikinsa ya wuce tun Auta ba ta yi aure ba. Baba ya hure ƙura, ya ɗura ɗaya a kyamara, don kawai ya sake jin ƙaranta kafin a rabu.

Mahaucin bakin titi ne ya zo wucewa.

"Zo ka zauna, kyauta ne. Kar ka motsa."

Kyamara ta yi tari ta tofo takarda. Baba ya cusa ta a hammata yadda ya saba, don ɗumi ne yake fito da hoto. Da ya zaro, ga mahauci kore shar kamar ganye, wani haske ruwan zinariya ya zagaye kansa, wani farin zane kuma ya tashi daga kafaɗarsa kamar fiffike.

Mahauci ya daɗe yana kallo. "Ni ne wannan?"

"Fim ɗin ne ya tsufa. Maganin cikinsa ya bushe."

"Haba Baba, bar ɓoye-ɓoye. Tun ina yaro mahaifiyata take cewa akwai haske a kaina."

Ya tafi ya maƙala hoton daidai saman sikelinsa, sikelin da duk unguwa ta san yana taimaka masa da babban yatsa.

Kafin a ce haka, magana ta zagaye layi: kyamarar tsoho tana ɗaukar cikin mutum. Matar tela ta ja mijinta suka zo. Ita ta fito ja-ja-ja, fuska sumul babu tamoji ko ɗaya, shi kuwa wani tabo ruwan ƙasa ya cinye rabinsa.

"Na sani," in ji ta. "Rabin nan dama bai taɓa zama a gida ba."

Wani tsohon akawu nasa ya fito fari fat, babu shi babu teku babu jirgi. Ya rungume takardar har da ƙwalla, ya ce aƙalla an samu mai shaidar zuciyarsa. Waɗanda nasu ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi suka ce hammatar Baba ce ta yi gumi, suka sake hawa layi har sai an samu launin da ya dace da su.

Da fari Baba yana faɗa wa kowa gaskiya. Daga baya ya gaji ya koma gyaɗa kai. Can kuma shi ma ya fara tunanin ko akwai wani abu a ciki, don yana ganin launukan da bai san sunansu ba, wani tsakanin shuɗi da hayaƙi, wani kamar an narkar da faɗuwar rana a kofin shayi. Har ya fara ɗaga gira yana cewa "hmm" kafin ya miƙa wa mutum hotonsa.

Injiniya ya ga layi ya kai bakin kwata, sai maganar soket ta bi iska. Ya shigo ya ɗaga kwali, ya karanta wa'adin, ya riƙe baki.

"Auta, zo ki ga abin kunya. Babanki ruɓaɓɓen kaya yake sayar wa jama'a. To in ruɓaɓɓe ya tara wannan taro, ina ga sabo?"

"Ka tambaye shi tukuna," in ji Auta.

"Me zan tambaya? Lissafi ne."

Ranar da Baba ya je asibiti a duba masa gwiwa, Injiniya ya kwashi sauran tsohon fim ya jefa a motar shara. Dama ya riga ya sayar da babur ɗinsa ya yi odar sabo, kwali kan kwali. Baba ya dawo ya tarar da su jere a kan kanta suna sheƙi. Ya leƙa ƙarƙashin benci ya ga wayam, ya zauna a kujerar nan mai gajeriyar ƙafa.

Matar mahauci ce ta fara shiga washegari, ta ci ado, tana son fiffike irin na mijinta. Hoto ya fito tsaf, komai a wurinsa. Ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan ai ni ce!"

"Ke ce mana," in ji Injiniya yana washe baki. "Dubi yadda ya fito raɗau."

"To in ni nake son gani, ba ni da madubi ne a gida? Ka ga wuyan da kuka yi mini?"

"Da shi kika zo," in ji Baba a hankali.

Direban bas ya karɓi nasa ya ga haƙoran da babu. Mai wanki ya ga idanunsa na wanda bai yarda da kowa ba. Kafin rana ta karkata, layi ya watse, kowa yana cewa an yi wa tsoho hassada an kashe masa kyamara. Kantin da ya sayar da fim kuma ya ce kayan oda ba ya komawa.

Injiniya ya yini yana kallon kwalayen da suka cinye masa babur. Da yamma ya matso kusa da Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, shi fim ɗin nan, yaya ake yi ya lalace?"

Baba ya kalli labulensa, ya kalli makullin da ke rataye a ƙusa.

"Ba a yi masa gaggawa. In ka shanya shi a rana mutuwa zai yi gaba ɗaya. Sai dai a bar shi a ɗakin nan, jikin bangon nan, kamar wancan. A buɗe ƙofa da safe, a rufe da yamma. Kuma kada a sa wayar lantarki kusa da shi."

"Har yaushe?"

"Wancan tun kana neman aure yake kwance."

Injiniya ya juya ya fita a ƙafa.

Yanzu lokaci-lokaci yakan shigo gwaji. Ya zauna a gaban teku, Baba ya ce kar ya motsa, hoto ya shiga hammata ya fito: ga Injiniya yadda Allah ya yi shi, tumbi da sanƙo da goshin da ya tattare.

"Har yanzu?"

"Da saura," in ji Baba, ya maƙala hoton a bango kusa da 'yan'uwansa.

Kwalayen sabon fim ɗin da aka jera ƙarƙashin benci babu komai a cikinsu. Fim ɗin yana can ƙasa cikin firjin Auta, a nannaɗe cikin leda, bayan robobin ruwa, inda sanyi zai riƙe shi sabo har illa masha Allah. Kullum za a yi gwaji ita take zaro ɗaya ta kai wa babanta tun da safe. Ba ta fargabar a gane. Tun da aka kawo firjin nan gidan, Injiniya bai taɓa buɗe shi da hannunsa ba, daga zaune yake kira a kawo masa ruwa.