Ruwan da Ba a Buɗe wa Ikram Ba

A Gwammaja, in aka kai mara lafiya asibiti ba a rataya masa ledar ruwa ba, to ba a yi masa komai ba. Kuma so ake a ga ruwan na gudu, wannan leda na ƙarewa ana ɗora wata. Dakta Ɗayyabu ya san haka sarai, tunda a unguwar aka yanke masa cibiya. Shi ya sa da hantsin nan da yayarsa Jummai ta faɗo ɗan asibitin da yake aiki, goye da 'yarta Ikram, jikin yarinyar zafi rau, ƙafafu sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, sai tsoro biyu ya kama shi. Ya ji tsoron ciwon, ya kuma ji tsoron abin da za a nema a wurinsa.

Ya tambaya ko yarinyar na gudawa ko amai, Jummai ta ce ko ɗaya, zazzaɓi ne kawai ya ƙi sauka. Gwajin jini ya nuna maleriya mai tsanani. Nan take ya yi mata allura ta jijiya, ya sa mata iska a hanci, ya aika a nemo jini, sannan ya saita ruwan yana ɗiga a hankali.

Ana haka Dakta Hambali ya leƙo. Shi ne mai asibitin, dattijo ne da ya yi furfura a kan aikin, kuma ba ya son musu ko kaɗan. Yana ganin ruwan na ɗis-ɗis ya ɓata rai, ya ce a buɗe shi a ɗura mata. Ya ce yara nawa ya ɗura wa ruwa da gudu suka buɗe ido a gabansa, iyayensu har gobe suna kawo masa goro da turare lokacin salla.

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai, ya yi bayani da ladabi. Ya ce an yi babban bincike a gabashin Afirka kan dubban yara masu irin wannan zazzaɓi, aka raba su ta ƙuri'a, aka ɗura wa wasu ruwa da sauri, wasu aka bar shi yana ɗiga. Waɗanda aka ɗura wa sun fi saurin farfaɗowa a ido, gaskiya ne. Amma da aka ƙirga bayan kwana biyu, a cikin kowane ɗari sai da aka samu ƙarin gawa kamar uku a cikinsu. Akwai abin da ya haɗiye bai faɗa ba, don ba a gaya wa babba irinsa. Wanda ɗansa ya warke shi ke dawowa da goro. Wanda nasa ya cika a gida, kafin la'asar an kai shi makwanci, an ce kwana ya ƙare, ba mai takowa ya sanar da likita. To ta ina Dakta Hambali zai san yawansu?

Dattijon ya yi tsaki, ya ce yaran takarda daban, 'yar yayarka daban, ya fice abinsa. Duk a kunnen Jummai fa aka yi wannan. Ta kama hannun rigar ƙanenta, idonta jawur.

"Ɗayyabu, ni na goye ka. Don Allah ka buɗe mata ruwan nan."

Wallahi ya kai hannu kan robar da ake saita gudun ruwan da ita. Juyi ɗaya ne da ɗan yatsa, kowa ya huta, in ma wani abu ya faru a ce an yi iya yi. Ya tsaya yana kallon ƙirjin Ikram na hawa da sauka, ya janye hannunsa, ya ce wa Jummai ta yi haƙuri. Bayan azahar, tun jinin bai iso ba, yarinyar ta cika.

A zaman makoki ba wanda ya tare shi da maganar. Mutanen cikin gari ba sa haka. Hannu kawai ake ba shi da sanyi, a yi addu'a, a kau da kai. Amma zancen ya zaga lunguna tsaf, wai boko ya hana shi ceton jininsa. Abin ya ci shi ƙwarai, abinci ma ya gagare shi.

Ranar sadakar uku Jummai ta aika ya shigo. Ya same ta zaune a ƙasa, ta rame, muryarta ta dishe. Ta ce ta san ba kyau a ce da an yi kaza, ta kuma yarda da ƙaddara, amma abu ɗaya take so ya gaya mata tsakaninsa da Allah.

"Da ka buɗe ruwan, da ta tashi?"

Kalma ɗaya ce za ta raba su da wannan nauyi, wato ya ce mata a'a kawai. Ya buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fita.

"Ban sani ba, Yaya. Abin da zai samu yara ɗari na sani. Na Ikram ita kaɗai, ba wanda zai iya gaya miki."

Jummai ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce ya ja mata ƙofar in zai fita.