Waken Gwaggo Kaltume

Tun da 'yarmu Mu'minat ta kwanta asibiti saboda wake, ba mu sake cin abinci da kwanciyar hankali a gidanmu ba. Alalar maƙwabta ta ci, ashe maganin ƙwarin da aka zuba wa waken ya wuce kima. Allah ya tsare, yarinya ta warke, amma ubanta Abdulnasir bai warke ba. Mutumin da bai san hanyar kicin ba shi ne ya koma mai leƙa min tukunya.

A waya ya tsinto cewa duk abincin da ba shi da tambari guba ne. Sai ya shiga kwaso mana ledojin wake daga wani sabon kanti a nan Kazaure, kowace da hoton koren ganye da rubutun Turanci wai nacural. Na ƙyale shi, don na san tsoro ne ke ɗawainiya da shi.

Ni hankalina yana kan buhun Gwaggo Kaltume, ƙanwar babana da ta riƙe ni a Gwiwa tun ina ƙarama. Duk shekara sai ta aiko mana da wake daga gonarta. Kashin awaki ne takinta, cikin toka take adana waken. Yakan zo da ɗan huji nan da can, wani sa'in har da ƙwaro yana yawo. Wannan hujin shi ke sanyaya min rai, don waken da ƙwaro ya rayu a cikinsa ba zai kashe min 'ya ba.

Na bana ya iso ina makarantar da nake koyarwa. Abdulnasir ya kwance bakin buhu, ya ga toka, ya ga ƙwaro, ya mayar da shi kan babur ɗin ɗan acaɓar da ya kawo, ya ce a gaya wa Gwaggo mun gode, muna da isasshe. Ban sani ba sai da na ga toka a zaure na tambaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A wajenmu ko ruɓaɓɓen abu babba ya aiko maka, hannu biyu kake sa wa ka karɓa, in ma zubarwa za ka yi sai a ɓoye. Na ce masa, "Baban Mu'minat, ba wake ka mayar ba, uwata ka kora daga ƙofar gida." Ya ce shi lafiyar 'yarsa yake dubawa, kamar ni a bola na tsince ta.

Washegari na ɗauki leda ɗaya na je kantin. Mai shi, Alhaji Jalaluddeen, bai ɓoye min komai ba. Ya ce wanda ake kira oganik shi ne ake bin gonarsa da rumbunsa a tabbatar ba a sa magani ba, kuma shi ba ya kawo shi, don tsadarsa ta fi ƙarfin mutanen gari. Nacural kuwa kowa na iya bugawa a ledarsa, babu mai tambayarsa. Da na tambayi inda waken ke fitowa, sai ya ce dillalai ke tattaro shi a kasuwannin Roni da Babura da Gwiwa, abin da suke zuba masa a sito kuma shi bai gani ba.

Ran Asabar na hau mota zuwa Gwiwa. Gwaggo ta shimfiɗa min sabuwar tabarma, irin wadda ake ɗauko wa baƙi, ta tambayi maigida da yarinya da aiki ɗaya bayan ɗaya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ba komai wallahi. Sai na yi ƙarfin hali na ce buhun na zo ɗauka.

"Ai na sayar, Sadiƙa," in ji ta. "Musaddiƙ dillali ya ɗauka. A gabana ya tankaɗe tokar, ya jefa ƙwayar maganin ƙwarin nan, ya ɗinke. Ya ce masu zubawa a leda ba sa son ganin ƙwaro."

Ta ƙara da cewa ya roƙi na baɗi ma, ta kuma amsa masa, tun da mu muna da isasshe. Ta raka ni har bakin hanya da ƙullin kuka da daddawa, ba ta sake ɗaga maganar ba.

Na iso gida da la'asar na tarar Abdulnasir ya ƙaro ledoji ya jera su a kan kantar kicin, yana ta jin daɗin kansa. Mu'minat ta riƙe min zani tana cewa ƙosai take so. Na farke leda ɗaya na juye a faranti, na zauna ina tona waken da yatsa, fari tas, sumul, ina neman huji ko guda ɗaya. Ban samu ba.