Faifai Na Huɗu, Sau Uku

Silima biyu ce a garinmu, fim ɗaya muke rabawa. Da waccan ta ƙetaren layin dogo ta gama da faifai, sai Girdari ya ɗauro shi a bayan keke ya kawo mini in ɗora a majigi. Shekara goma sha tara yana wannan tseren. Maigidanmu Lala Bansidar kuwa ya riga ya rantse masa: "Ka ƙara makara sau ɗaya, 'yan kallo su karya mini kujeru, to a bakin aikinka."

Lokacin fim ɗin wani Bature muke nunawa, jirginsa ya nutse, shi kuma ya maƙale wa katako a tsakiyar teku. Awa uku da rabi! Ba waƙa, ba rawa, ko mari ɗaya babu. Ya kalli ruwa, ruwa ya kalle shi. Wallahi gemunsa ne kaɗai ke ci gaba a labarin.

Ran Talata da azahar faifai na huɗu ya zo ƙarshe, babu Girdari. Na leƙa taga, ashe an rufe ƙofar layin dogo, jirgin kwal yana jan ciki. Mutumin nan kuwa 'ya'ya biyar yake ciyarwa da feda. Na yi maza na naɗe faifan baya, na sake saka shi. Har yanzu babu Girdari. Ya ƙare, na ƙara.

"Kai Bature, mutu mana mu je gida!" in ji wani daga kujerun gaba.

"Rufe mana baki," in ji na kusa da shi, "yanzu ma fim ya fara daɗi."

Girdari ya iso jiƙe da gumi, asiri a rufe. Bakina ne ya cuce mu, na kasa haƙuri na ba da labarin a teburin mai shayi. Kashegari Lala ya kira mu, yana dariya har da hawaye.

"Sau uku, kuma ba wanda ya gane?"

"Ko mutum ɗaya, maigida."

"Madalla! Wata biyu fim ɗin nan zai yi. Su riƙe rabin fayafayan, mu riƙe rabi, kowa ya yi ta maimaita nasa, ba sauran aikin keke. Girdari, je ka huta."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. A bakin ƙofa Girdari ya tsaya yana kwance igiyar bayan kekensa.

"Ni fa ban taɓa ganin ƙarshensa ba. Ya tsira kuwa?"

"Ya tsira."

"Ya ji daɗinsa," ya ce, ya tura keken, bai ma hau ba.