Ruwan da Ya Koma La'ada

Shanun huɗa biyu da galma, su ne abin da Ladan ya mallaka a Banga ban da gonar gado, kuma da bashin banki ya saye su. Shanun su ne jinginar. Duk kaka yakan sayar da gero ya hau mota zuwa Kaura Namoda ya kai abin da aka yanka masa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, ɗansa Murtala, sabon malamin firamare, ya je Gusau ya dawo murya a disashe saboda kabbara. Ya ce an gama da giya, an gama da caca, an gama da riba. Da Ladan ya kai kuɗin kakar nan sai ya tambayi Sabo, ma'aikacin da ke karɓa.

"Yaro, an ce min yanzu an hana ruwa?"

Sabo ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Baba, mu nan babu ruwa. Kada ma ka ƙara faɗin kalmar nan a cikin banki."

Ladan ya koma gida da fara'a. A lissafinsa uwar kuɗin ta riga ta fita, abin da ya saura ruwa ne, ruwa kuwa ga bakin mai banki ya ce babu. Kaka ta zo bai je ba. Wata ta biyo, ita ma bai je ba, don damina ta yi gardama, geron ko na ci bai kai ba. Babu wanda ya taka zuwa Banga ya ce masa uffan. Sai da bashin ya yi ƙiba, ana dab da shuka, sannan Sabo ya iso kan babur ya ce ko kuɗi ko shanu.

Murtala ya ja mahaifinsa suka tafi Kaura. Suna shiga banki ya tare Sabo.

"Kai ka ce masa babu ruwa, ko ba kai ba ne?"

"Ni ne," in ji Sabo. "Kuma har yanzu babu. La'ada ce."

"La'ada? Dillali ne ku? Wace akuya kuka sayar mana?"

"Malam Murtala, haka aka ce mu riƙa kiransa."

"To la'adar nawa ce?"

Sabo ya faɗa. Daidai take da tsohon ruwan, sai ƙarin tarar makara da ta hau kanta.

"Wato kun yi wa riba wanka kun sa mata rawani."

"Ni albashi nake ci. Abin daga Legas yake zuwa."

Ladan ya dafa gwiwar ɗansa. "Yi a hankali, ɗiyan mutane na. Yaro, in na kawo rabi bayan kaka fa?"

"Da tun farko ka zo, Baba, da an duba. Yanzu ya wuce hannuna."

Daga nan suka wuce kotun Shari'a. Murtala ya tabbata a nan za a yi ta ta ƙare, ai saboda irin wannan ranar ya disashe muryarsa. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ya saurare su har ƙarshe.

"Allah gafarta Malam, wannan riba ce ko ba riba ba ce?"

"Riba ce."

"To a hana su."

"Banki na tarayya ne. Ba ruwan kotun nan da shi."

"Jiya a nan aka yi wa wani bulala kan kwalba ɗaya. Wanda zai kwashe shanun talaka fa?"

Alƙali ya ce, "Kana da gaskiya, ɗana. Gaskiyar ce ba ta da hurumi. In kuna so, in roƙe su su jinkirta. Roƙo ne, ba hukunci ba."

Ya roƙa. Aka ƙara musu zuwa kasuwa ta gaba.

Murtala ya bi 'yan'uwa gida gida. Kowa ya ce Allah ya kawo mafita, kowa rumbunsa ya yi ƙasa. Abokansa da suka je Gusau tare suka ce ya yi haƙuri, komai sannu a hankali ne, gyara ba ya yiwuwa rana ɗaya. Haƙurin nan shi ya fi ƙona masa rai, don bai ga wanda ya ce wa bankin ya yi haƙuri ba. Albashinsa kuwa ko ƙafar ɗaya daga cikin shanun ba zai saya ba.

Ranar da kasuwar garin Kasuwar Daji ke ci, Ladan da kansa ya ja igiyar shanun, ya ce gara ya sayar da hannunsa da a zo a kwance su gaban iyali. Shanun sun rame da rani, masu saye kuma sun san wanda ya kawo sa ana dab da huɗa ba shi da zaɓi. Aka taya, aka sallama. Dillali ya miƙo hannu.

"Baba, la'adata."

Ladan ya dube shi, ya yi 'yar dariya. "Kai ko taka ba ta haihuwa ko?" Ya ƙirga ya ba shi. Sauran ya miƙa wa Sabo, wanda ke tsaye gefe tun safe. Sabo ya ƙirga, ya ce saura kaɗan, ana iya kawowa bayan kaka.

Suna kan hanyar Banga hadari ya haɗo daga gabas. Kafin su kai gida an kece da ruwa, irin wanda ake shuka da shi. Masu shanu suna ta fito da karkiya suna dubawa. Murtala ya tsaya a zaure, rigarsa sharkaf, ya kasa haɗa ido da mahaifinsa.

Ladan ya shiga ya tsallake galmar da ke jingine a bango, ya lalubo tsofaffin fartanyoyi biyu a bayan rumbu. Ɗaya ƙotarta ta tsage. Ya riƙe ta, ya miƙa wa Murtala mai kyan.

"Gobe ba makaranta ko?"

"Babu, Baba."

"To mu yi sammako."