Rigar da aka yi ta ƙara wa faɗi

"Ki ƙara mata faɗi, Yaya," in ji matar direba, tana dafe da ƙofa. "Ta sake matse ni."

Mai ɗinki ta ɗage ƙafa daga kan keke, ta karɓi rigar. Shuɗiyar rigar nan ta sha farka a hannunta, gefe da gefe duk ƙyallen da ta jona ne. Bango ɗaya ya raba ɗakunansu, don haka nishin maƙwabciyar tata ba labari aka ba ta ba. Ta ƙare mata kallo: wuya ya zama kara, ido ya faɗa, ciki kuwa tulu guda.

"Zauna, 'yar nan. Me likita ta ce?"

"Abin da ta saba faɗa. Wai ƙari ne a mahaifa, sai an cire ta gaba ɗaya."

"To a cire mana! Ranki fa ake magana."

"Haba Yaya." Ta shafa cikin tana murmushi. "Kwanciya ya yi. Surukata ta ce nata ma sai da ya daɗe kafin ya tashi. Jiya ma na ji motsi."

Wayyo, baiwar Allah! Shekara da shekaru tana gidan aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da cikin ya fara tasowa, kaf gidan hayar aka yi ta mata barka. Yanzu wa zai iya ƙwace mata shi?

Mai ɗinki ta tare mijin yana wanke mota. Bai ko ɗago kai ba.

"Na yi lallashi, na yi faɗa. Cewa take in an cire, zaman me za ta yi a gidana?"

Mai ɗinki ta koma wurin matar, ta murtuke fuska. "Wallahi allurata ba za ta ƙara taɓa rigar nan ba sai kin koma asibiti."

"To ba ni, in kai wa wani."

Tsoro da haushi suka cika mai ɗinki, amma ta ɗinka. Ta ya za ta bar mai ciwo ta yi yawon neman tela?

Ran da jini ya ɓalle wa matar direba, a bayan motar mijin aka kwantar da ita, kanta bisa cinyar mai ɗinki. Likita ta ce abin ya riga ya yaɗu, aiki ba zai yi amfani ba. Ba ta dawo gidan da rai ba.

Bayan an share makoki, ƙanwar mamaciyar ta shigo da shuɗiyar rigar.

"Ni aka ba, Yaya. A rage min ita."

Mai ɗinki ta sa reza, ta bi ɗinkin hannunta tana warwarewa, hawaye na hana ta ganin zare. Ta jera ƙyallayen a kan tebur, kowanne ya fi na bayansa faɗi. Idon mai sana'a ba ya jin magana: kallo ɗaya ta yi musu, ta ga za su fitar da rigar jariri, har da hula.

Ta ninke su, ta ɗora almakashi a kai.