Laimar da Ba Ta Shan Rana

"Rage gudu mana, Auta," in ji Baba. "Ko dai idona ne ya fara cin amanata?"

"Gaba kaɗan ne, Baba. Bakin asibiti."

"Haka kika ce kafin mu wuce tasha."

Auta ta ƙara damƙe sitiyari. Daga kujerar baya Yaya ya yi gyaran murya irin ta mai danne dariya, ya ce shi dai tun da suka fito ya ga laimomi kala-kala, har da ta kamfanin waya da ta masu maganin sauro, jajayen nan nasu ne kawai bai gani ba. Wataƙila kyau ne ya yi musu yawa suka tashi sama.

Auta ta ci gaba da tuƙi. Gidan burodin Baba ya girme ta, amma ciniki ya ja baya tun da wani sabo ya buɗe a ƙetaren gada. Yaya ya so a sayo babur na raba kaya. Ita kuwa, da ta gama karatu aka zaunar da ita a kanta tana miƙa burodi ta taga, sai ta kafe a kan laima: manya, da sunan gidan a jikinsu, a raba wa masu teburi kyauta, duk mai wucewa ya karanta ko yana so ko ba ya so. Baba ya bi ra'ayinta, amma da sharaɗi. Zai zagaya ya gani da idonsa. In ya ga sunansa a titi, harkar talla da rabon kaya ta koma hannunta. In bai gani ba, kanta na nan tana jiran ta.

Ba ta yi wa laimomin rowa ba. Ta ƙi yadin da mai bugawa ya fara nuna mata, ta zaɓi mai kauri, ja wur, da farin rubutu da zangarniyar alkama a gefe. Sandar ƙarfe, ba roba ba, kowace da jakarta mai zif. Ranar da aka kawo su ta buɗe ɗaya a tsakar gidan burodin, haske ya ratso yadin ya rina mata hannuwa, ta tsaya a ƙarƙashi kamar wadda aka aiko wa da saƙon da ta daɗe tana jira.

A bakin asibiti mai shayi ya taso ya gaida Baba da hannu biyu. Laimar da ke kansa ta mutanen ƙetaren gada ce, koriya, ta koɗe. Da aka tambaye shi tasu, sai ya sosa ƙeya ya ce uwargida ce ta gan ta, ta rantse ba za a kai ta cikin hayaƙin risho ba. Mai kantin kusa da makaranta shi kuma ya ce ai unguwar ba ta da tabbas, kaya irin wannan in ka bar shi a waje ka juya baya, sai dai labari. Tasa tana ƙarƙashin gado.

Saura Inna mai teburi a bakin kasuwa, wadda take sarin burodinsu tun Auta na goye. Daga nesa suka hango ta zaune a ƙarƙashin koriyar laima mai faci, ƙarfe ɗaya ya karye yana reto, amma sunan da ke jiki ana karanta shi tun daga tsallaken titi. Auta ta fita ita kaɗai.

"Inna, ina laimarki?"

"Tana nan lafiya lau, 'yar nan. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

Ta bar wa maƙwabciya tsaron teburi, ta kama wuyan hannun Auta ta ja ta cikin lungu har ɗakinta. Ɗaki ne ƙarami, gado ya cinye rabinsa. A bayan ƙofa laimar take tsaye cikin jakarta, an kuma naɗe jakar da tsohon zane. Inna ta zuge zif ɗin kaɗan, ta shafa yadin da bayan yatsa, ta mayar ta rufe.

"Wannan ai ba ta rana ba ce. Tunda nake, ba a taɓa ba ni abu mai kyanta ba. In kai ta titi ruwa ya dake ta, motoci su bula mata hayaƙi? Allah ya kiyaye."

"To waccan ta wajen fa?"

"Wancan tarkacen? Ko yau iska ta ɗauke shi ba zan bi shi ba."

A hanyar komawa Inna ta ƙara da cewa, ba tare da wani nufi ba, mutane sun fara tambayar ta burodin da suke gani a rubuce a bisa kanta, shi ya sa take ɗan karɓar nasu ma tana haɗawa. Ta sa wa Auta albarka, ta ce a gaida mutanen gida.

Suka kama hanyar gida. Baba na kallon waje, laɓɓansa na motsi duk inda suka wuce koriyar laima. Yaya ma tsiyar ta ƙare masa. Da suka tsaya a danja ya sayi ruwan sanyi ya miƙo mata ta kafaɗa, ya ce ba komai, kanta ma aiki ce, kuma akwai fanka.

Rana ta take tsaka lokacin da suka isa. Auta ta ajiye mota ta wuce sito, domin bayan buhunan fulawa ne kaɗai inda mutum zai iya yin kuka a gidan nan ba a ji shi ba. Ba ta samu wurin zama ba. Wani ƙunshi ne a wurin, an lulluɓe da tamfol. Ta ɗaga gefe ta ga jakunkuna masu zif a jere, laimomin da ta ware wa unguwannin nesa, waɗanda ta ɗauka direba ya raba tuntuni. Mai sito ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce Maigida ne ya hana a fitar, wai kaya irin wannan ba kowa ake miƙa wa ba.

Kukan ya koma ciki. Ta rungumo iya abin da hannunta zai ɗauka ta fito tsakar gida, ta zuge jakar farko ta jefar, ta buɗe laimar ta soka a tsohuwar taya. Ta buɗe ta biyu. Ta je bakin tanda ta dangwalo baƙin hayaƙi da tafin hannu, ta dawo ta goga a gefen jan yadin, nesa da rubutun. Ma'aikata suka leƙo da ƙullun fulawa a hannu.

"Ke, Auta! Lalata su za ki yi?" Baba ya fito daga ofis ko takalmi bai gama sawa ba.

"Kai ma ka ɓoye su, Baba."

Baba ya waiga ya dubi ƙofar sito. Ta faɗa masa abin da za ta yi. Laimomin za su kwana su wuni a nan har jan ya dushe. Jakunkunan ba za su sake bin laima ba. Za ta bi gida-gida ta karɓo na ƙarƙashin gado da na bayan ƙofa, ta mayar musu da waɗanda suka sha rana, ta kafa su da hannunta a kan teburan, yadda ba mai jin tausayinsu. Na Inna kaɗai za ta bari, ta ƙara mata wata.

Baba ya matsa ƙarƙashin laimar. Ya sa babban yatsa yana ƙoƙarin goge baƙin, baƙin na ƙara bazuwa. Yaya ya dube shi, ya dubi tamfol ɗin da ke yashe a ƙofar sito, dariyar da yake dannewa tun safe ta kuɓuce masa, wannan karon ba da Auta yake ba. Baba ya harare shi, ya goge yatsa a gefen riga, ya daɗe yana kallon sunansa daga ciki, a juye.

"Daga gobe ita za ta riƙa fita da mota," ya ce. "Ku kwaso sauran ku shanya mata. Amma guda ɗaya a bar mini ita a jakarta."